An Kira Sunan Mansuratu a Rediyo

Fim ɗin ya tsinke daidai lokacin da jarumin ya kai tsakiyar gada, 'yan sanda a bayansa, kogi a ƙarƙashinsa. Ƙyallen da aka ɗaure tsakanin sanduna biyu a filin ƙwallon Bawku ya koma fari fat. Mutane suka fara gunaguni, wasu na jifa da ɓawon gyaɗa.

Ba sabon abu ba ne. A shekarun nan, kafin fim ya iso arewa ya riga ya sha wuya a Kumasi da Tamale. Faifan ƙarshe ko ya ƙone, ko ya salwanta a hanya. Shi ya sa mai motar sini, wato majigi, ya ɗauki Sidiku aiki. Ɗan Zangon Salaga ne, ya gama sakandare bai samu kujera a ofis ba. Aikinsa ya tsaya gefen ƙyalle da lasifika, ya riƙa faɗa wa jama'a da Hausa abin da Indiyawan nan ke cewa. In fim ya tsinke, ya ƙarasa labarin da baki.

Ya ɗaga lasifikar. Ya ce jarumin ya faɗa ruwa, ruwa ya tafi da shi. Budurwarsa ta haukace. Uwarsa baƙin ciki ya kashe ta. Kowa ya tafi gida lafiya.

"Ƙarya ne."

Muryar mace ce, daga bencin gaba, inda 'yan matan kwalejin horar da malamai ke zama ran Asabar tare da Madam ɗin da ke rako su. Wadda ta yi maganar ta riga ta miƙe tsaye. Doguwa ce, ta ɗaura mayafi a kan rigar kwaleji, kuma ba ta yi kama da mai niyyar komawa ta zauna ba.

Ta juya wajen jama'a. Ta tuna musu cewa tun farkon fim an nuna mutumin nan yana iyo a kogin ƙauyensu, to me zai sa ruwa ya ci shi yanzu? Ta ce ya haye, ya ɓuya a gonar rake, gaskiya ta fito, aka kama azzalumin, aka ɗaura aure. Har rawar bikin ta kwatanta musu. Filin ya ɗauki tafi. Madam ta ja mata mayafi, a banza.

Sidiku yana naɗe waya ta zo wucewa. Bai ɗago ba ya ce, "Ke kin ga ƙarshen ne?"

"Kai ka gani?"

"A'a."

"To me ya sa ka kashe shi?"

"Haka duniya take."

"Duniya a gida muka baro ta. Ba ita muka zo kallo ba."

A nan ya ɗago. Ya dube ta fiye da yadda ya kamata. Ya tambayi sunanta, ta ce Mansuratu, daga Yendi, kuma shi daga yau sunansa Sarkin Makoki.

Kada a ɗauka yarinya ce da ba ta san komai ba. Ta wanke gawar uwarta da hannunta, tare da gwaggonta. Cikin mako tana tashi da ƙararrawa, ta share harabar kwaleji, ta zauna a aji, wani lokaci a kai su garin Garu su gwada koyarwa a gaban yaran da ba su jin yarenta. Ta san fim ƙarya ne. Ta san hotunan da ta yanko daga mujallu ta manna a murfin akwatinta na mutane ne masu ciwon kai irin na kowa. Amma Asabar tata ce, da Lahadi da yamma, lokacin da 'yan mata ke cika ɗakin hutu su kewaye rediyo don shirin gaishe-gaishe. Duk wanda ya ce mata wannan ɓata lokaci ne, takan ce lokacinta ne, ba aro ta yi ba.

Motar sini kuwa ba ta zama. Daga Bawku sai Garu, sai Yendi, sai Salaga, ta juyo. Tsakanin zuwa da zuwa, wasiƙu ne ke aiki tsakaninsu, gajeru, don Sidiku ba mai yawan magana ba ne in babu lasifika.

"Sarkin Makoki, an ce mini a Garu ka kashe ango da amarya har da dokinsu. Dokin me ya yi maka? Mansuratu."

"'Yar Gardama, dokin ya tsufa. Amma a Yendi na bar kowa da ransa. Na tsaya ina jiran wanda zai ce mini ƙarya ne, babu. Filin ya yi mini faɗi. Sidiku."

"Ka ci abinci. Ranar nan na ga wuyanka kamar na zabo."

"Na ci. Ina tunaninki a kan hanya, har direba ya fara yi mini faɗa wai ba na taya shi hira."

Wata Asabar, bayan an tashi daga kallo, ya raka su har bakin titi, Madam na gaba tana yi kamar ba ta gani. Mansuratu tana ba shi labarin shirin Lahadi, yadda ƙawarta Azara ta kusa suma da aka kira sunanta. Ta yi dariya, ta ce ita dai ba a taɓa kiran nata ba, ko da kuskure. Ta faɗa ne kawai. Shi kuwa ya riƙe.

Ya sayi kati a gidan waya na Salaga, ya rubuta, ya aika gidan rediyo a Ankara, babban birnin ƙasar.

Ranar da aka karanta, ɗakin hutu a cike yake. Mai gabatarwa ya gyara murya ya ce:

"Sai kuma Sidiku mai sini, daga Salaga, yana gaida abar ƙaunarsa Mansuratu, 'yar Malam Abdul-Kadiri na Yendi, da ke kwaleji a Bawku. Ya ce a gaya mata duk garin da ya je, ita yake gani."

'Yan mata suka rufe ta da guɗa. Ita ma ta yi dariya, ta rufe fuska da tafin hannu. Daɗin bai kai ƙarshen waƙar ba. Ta tuna da rumfar tela da ke jikin shagon babanta a kasuwar Yendi, da akwatin rediyon da ke rataye a can, wanda ba a kashe shi sai in an kira salla. Ta tuna wa ke zama a bencin wajen ran Lahadi da yamma.

Sidiku ya san kwalejin Bawku, ya san filin ƙwallo. Bai san wannan bencin ba.

Malam Abdul-Kadiri ɗan kasuwa ne da rana, malami da asuba da bayan la'asar. Shi ne ya kai 'yarsa makarantar boko, ya kuma bar ta ta wuce kwaleji, lokacin da dattawan unguwa suka yi ta zuwa zaurensa suna cewa zai yi da-na-sani. Bai saurare su ba. Ya ce musu 'yarsa za ta je ta dawo da mutuncinta. A gaban waɗannan dattawan ne aka kira sunansa da nata, haɗe da na mai sini.  Ɗaya daga cikinsu ya gyara zama kawai, ya ce, "Malam, ashe an san ka har Ankara."

Bai aika a kira ta ba. Ya jira hutu.

Ta iso da yamma, ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa. Ya sa aka shigar da akwatinta ɗakinsa, ya kulle, ya sa mabuɗin a aljihu. Sannan ya tambaye ta ko ta san yaron. Ta ce ta san shi. Ya tambaya ko tana son sa. Ta ce eh, Baba.

Ya ce ba zai yi mata dole a kan kowa ba, bai taɓa yi ba. Amma ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da ba shi da mazauni sai bayan mota ba, wanda sana'arsa ita ce ya tsaya gaban jama'a ya ƙaga abin da bai faru ba. Ya ɗauko Alƙur'ani ya ajiye a kan buzu tsakaninsu.

"Ki rantse kin rabu da shi, kin rabu da filin sini. Ranar da aka koma, ki koma kwalejinki."



"Baba, ba zan rantse a kan abin da na san zan karya ba."

"To akwatin yana nan."

"Yana nan, Baba."

Shekararta ta ƙarshe ce. In aka koma babu ita, jarrabawa ta wuce ta, shekarun da ta yi sun tafi a banza, dattawan benci kuma sun yi gaskiya. Ta san haka, shi ma ya sani. Gidan ya yi tsit. Tana dafa masa tuwo, tana wanke masa riga, tana gaishe shi safe da yamma, yana amsawa. Ba wanda ya ƙara tayar da maganar.

A kwanakin nan ne Mutaru ya yawaita zuwa. Tsohon ɗalibin Malam ne, yanzu fatauci yake yi, yana kai shanu kudu ya dawo da goro. Mutum ne mai kirki a fuska, mai agogo a hannu. Ya daɗe da sa ido a kan Mansuratu. Ya same ta tana tsince shinkafa, ya ce shi ba ya ƙin matar da ta yi boko, har rediyo zai saya mata nata na kanta, ta kunna a ɗaki ba wanda ya ji. Ta gode masa, ta ce rediyon da ba a ji da mutane ba shi da daɗi, ta ci gaba da tsintarta.

Duk zuwan da Mutaru zai yi, yakan kawo wa Malam ƙunshin goro, kamar yadda ɗalibi ke yi wa malaminsa. Malam yakan karɓa ya sa albarka. Da Mutaru ya sauka Salaga, ya tarar da Sidiku a tasha yana wanke ƙyallen sini a bakin rijiya. Ya gaishe shi da fara'a, ya ce ai shi ne mutumin rediyo. Sannan ya ce, kamar ba komai, ya kai goro gidan Malam Abdul-Kadiri, kuma an karɓa.

Bai yi ƙarya ba. Ya dai san yadda za a ji maganar.

Sidiku ya shanya ƙyallen. Bai ƙara rubuta wasiƙa ba. Da ma shi mutum ne mai saurin yarda da mummunan labari, ya fi zama masa daidai a jiki. Ya ce wa kansa shi ya jawo, da katinsa da bakinsa. Da motar ta biyo ta Yendi, ya ce zazzaɓi yake yi, ya bar mai mota ya yi fama da lasifika.

Mansuratu ta ji ƙarar injin daga tsakar gida a daren kallon, ta ji muryar ba tasa ba ce. Ta ɗauka guduwa ya yi. Ta yi kuka sau ɗaya, a bayan rumbu, sannan ta wanke fuska ta nemi takarda.

Gwaggo Hawawu, yayar Malam, mai sayar da koko da ƙosai a bakin tasha, ita ta ba wani direban Salaga saƙon.

"Sidiku, in ka mutu a aiko a gaya mini in yi maka addu'a. In kana da rai, ka zo ka tsaya gaban babana kamar yadda na tsaya. Ni ba fim ba ce da za ka ƙarasa ni da baki daga nesa."

Amsar ta dawo da direban nan.

"An ce an karɓi goron Mutaru."

"Goron Mutaru Baba ya tauna shi tuni, har ya ba ni guda. Kai ka cika wawa, masoyina. Ka zo."

Ya zo ran kasuwa, da rigar da ya ara wajen ƙanin uwarsa. Gwaggo Hawawu ta tare shi a tasha tun bai karkaɗe jiki ba. Ta zaunar da shi a bencinta, ta zuba masa koko, ta ƙare masa kallo daga hula har takalmi. Ta ce ba laifi, sai dai rama.

Sannan ta rage murya ta koya masa dabara. Ta ce ƙanenta ta san shi tun yana tsirara. So yake a ba shi abin da zai faɗa wa dattawa, shi ke nan. Sidiku ya ce ya bar sini, ya zauna a shago wata biyu ko uku, a ɗaura aure, yarinya ta gama karatunta. Bayan nan in ya koma motarsa, wa zai kwance aure saboda majigi? Ta ce haka kowa ke yi, ita ma haka aka yi nata.

Sidiku ya shanye kokon. Ya ce, "Mma, na gode. Amma ba zan iya ba."

"Ita ma haka ta ce mini. Wai ku me ake ba ku a makarantun nan?"

Bayan la'asar, da ɗalibai suka watse, ya yi sallama a zaure. Malam ya bar shi a durƙushe har ya gama laziminsa. Ya tambaye shi asalinsa. Sidiku ya ce ubansa Bamoshe ne da ya zo Salaga da jakuna, uwarsa Bagwanja, shi an haife shi a Zango, duka sun rasu. Malam ya ce wannan ba laifi ba ne, rabin unguwar nan haka suke. Ya tambaye shi ko yana salla. Ya ce yana yi, wani lokaci a makare in mota ta lalace.

Sidiku ya nemi gafara a kan katin. Ya ce bai yi tunanin inda maganar za ta sauka ba, laifinsa ne shi kaɗai, kada a hana ta karatu saboda shi.

Malam ya ce ya ji. Ya ce akwai wuri a shagonsa. In Sidiku ya rantse ya bar sini har abada, gobe ya turo manyansa.

Mansuratu tana bayan ƙofar zaure, tana jin komai. 

"Malam," in ji Sidiku, "ina son ta fiye da aikin nan. In na samu wani aikin da zai riƙe mu, wataƙila in bar shi da kaina. Amma ban ɗauke shi haram ba. Mutane sun wuni a gona, sun zo sun yi dariya, sun koma gida. Ban saci na kowa ba. In na rantse maka yau, don in samu Mansuratu ne kawai, kuma ka sani."

"Ko da za ka rasa ta?"



"Ba zan so in shigo gidanka ta wannan ƙofar ba."

Malam ya ce ya tashi ya tafi. Ya tashi ya tafi.

Da magariba Gwaggo Hawawu ta faɗo gidan ko sallama ba ta gama ba. Ta samu ƙanenta a kan buzu, ta tsaya a kansa ta riƙe ƙugu. Ta ce ita ta gaji. Ta ce ta je wajen yarinya ta ce ta rantse kawai ta karɓi akwatinta, ta ƙi. Ta je wajen yaro ta ce ya yi ƙaryar wata biyu ya samu mata, ya ƙi. Ta ce tun da take ba ta taɓa ganin wawaye biyu da suka dace da juna irin waɗannan ba, sai dai na ukunsu da ke zaune a kan buzu.

"Ke kika ce su yi mini ƙarya, Yaya?"

"Ni na ce. Don a zauna lafiya."

 Malam ne ake kira a kasuwa in rigima ta tashi a kan saniya ko buhun dawa. Ya ga manyan mutane masu furfura sun dafa Alƙur'ani sun rantse da ƙarya a kan abin da bai kai kaza ba, suna kallon idonsa. Ga yara biyu, an ajiye musu duk abin da suke so a bayan kalma ɗaya, sun ƙi faɗinta.

Da safe, Mansuratu na shara, ya fito ya ajiye mabuɗin a kan turmi.

"Motar Bawku tana tashi da hantsi. Kada ki makara."

Ta saki tsintsiyar. "Baba, ban rantse ba."

"Na sani. Ki gama jarrabawarki. Ki gaya wa mai sinin nan ya turo manyansa bayan girbi. Har gobe ba na son sana'arsa, kuma ƙafata ba za ta taka filin nan ba. Amma na kira shi maƙaryaci, ban same shi da ƙarya ba."

Ta durƙusa ta kama ƙafarsa, ya ce ta tashi, shara ba ta ƙare ba.

Ranar Lahadi ya koma benci kamar kullum. Wanda ya yi masa maganar Ankara ya tambaya ko gaskiya ne zai ba mai majigi 'yarsa. Malam ya ce gaskiya ne, kuma yana gayyatarsa, ya zo da wuri don ya samu tabarma.

Mansuratu ta ci jarrabawa. Aka tura ta koyarwa a wata firamare a Salaga, abin da ya sa Gwaggo ta ce ko gwamnati ma ta gaji da su. Ƙanin uwar Sidiku da limamin Zangonsu suka kawo goro, na gaskiya wannan karon, a cikin ƙwarya an rufe da farin ƙyalle. Mutaru bai zo ɗaurin aure ba, ya ce yana kudu da shanu.

An ɗaura a zauren Malam, da hantsi, zauren ya cika har waje. Da aka shafa fatiha aka watse, Malam ya sa aka kira masa su biyun cikin gida. Mansuratu na lulluɓe, lalle har gwiwar hannu. Sidiku ya durƙusa gefenta. A hankali, yadda ba wanda zai ji, ya ce, "Amaryata, kin yi shiru yau."

"Na yau ne kawai. Kada ka saba."

Malam ya ji, ya yi kamar bai ji ba. Ya ɗora hannu a kanta, ya ɗora ɗayan a kafaɗar Sidiku. Ya roƙa musu zaman lafiya da zuriya ta gari da abinci mai albarka. Sannan ya ƙara da cewa:

"Taurin kan nan naku, Allah Ya bar muku shi. Ku riƙa yi wa duniya, kada ku yi wa junanku."

Suka ce amin. Gwaggo Hawawu, daga bakin madafi, ta ce amin ita ma, ta share ido da gefen zani, ta ce a zo a ɗauki shinkafa kafin ta huce.